Maki ya gyaru, amma ido ya ƙi barin waya

A Amurka, kafin mai gida ya miƙa maka makullin ɗakin haya, kafin dillalin mota ya faɗa maka abin da za ka riƙa biya duk wata, kafin banki ya saurari maganar bashin sayen gida, akwai wata lamba da za a fara dubawa, wato makin da ke nuna yadda kake biyan bashi. Daga 300 take tashi, ta tsaya a 850. 'Yan uwanmu da ke zaune a can, irin Hausawan zangon Gana da ke Bronx a birnin New York ko 'yan Nijar da ke Greensboro, kiredit kawai suke ce mata. Duk wanda ya taɓa ganin tasa ta faɗi warwas ya san ɗacin abin, kuma an sha yin bayanin yadda ake tayar da ita. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne halin da mutum ke shiga bayan ta tashi.

Faɗuwar ba ta da wuya. Aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da mutum, biyan kati ya wuce lokacinsa da kwana 30, banki ya kai rahoto. In aka kai wata shida ba labari, sai bankin ya cire rai, sau da yawa ya miƙa bashin ga kamfanin da sana'arsa ke nan, bin mutane da kira da wasiƙu. Dokar rahoton bashi ta 1970 ta yarda irin wannan tabo ya zauna shekara bakwai a takardar mutum, in kuwa ya kai ga shelanta karayar arziki a kotu, yana iya kai goma. Tashin shi ne aiki. Yawanci da katin jingina ake farawa: ka ajiye wa banki dala 200, ya ba ka katin da iyakarsa dala 200 ɗin ce, ka riƙa sayen mai ko burodi da shi kana biya a kan kari, wata bayan wata. A wannan zangon, duba maki akai-akai yana da ma'ana. Tsakanin 560 da 620 akwai bambancin a ba ka haya ko a ce ka nemo wanda zai tsaya maka. Kowane tsohon bashi da aka goge, kowane kuskure da aka gyara, a lambar ake ganinsa, kuma ganin nan ne ke ba mutum ƙarfin ci gaba.

Sai a wayi gari makin ya kai 760. An ba shi katin da ba na jingina ba, an ba shi mota da kuɗin ruwa mai sauƙi, ba wanda ke kiransa kuma. Amma hannu ya riga ya saba. Da sallame sallar asuba, waya. A tsaye a danja, waya. Kafin barci, waya. Ranar da ya ga an zaftare masa maki huɗu, gabansa ya faɗi, ya wuni yana lissafin abin da ya yi ba daidai ba, alhali babu abin da ya yi.

Don a gane dalilin da ya sa wannan gadin ya zama aikin banza, sai an leƙa yadda ake haɗa lambar. Kamfanin da ya fi suna a harkar shi ne FICO, wanda injiniya Bill Fair da masanin lissafi Earl Isaac suka kafa a 1956. A 1989 ya fito da makin da ake amfani da shi a ko'ina, kuma tun da Fannie Mae da Freddie Mac, manyan cibiyoyin da ke sayen basukan gidaje daga hannun bankuna, suka rungume shi a 1995, ya zama ba makawa. FICO ba ya ajiye bayanan kowa. Kamfanoni uku ne ke wannan, wato Equifax da Experian da TransUnion. Shi nasa lissafi ne a kan abin da suka tara: kashi 35 cikin 100 na makin daga tarihin biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke kanka, kashi 15 daga daɗewar tarihinka, kashi 10 daga sababbin basukan da ka nema, sauran 10 daga irin basukan da ka haɗa. Tambaya ɗaya lissafin ke ƙoƙarin amsawa: mene ne yiwuwar wannan mutumin ya makara da biya har kwana 90 a cikin shekara biyu masu zuwa? Hasashe ne na wata ashirin da huɗu, an yi shi don amfanin mai ba da bashi a ranar da zai yanke shawara. Ba a gina shi don a riƙa karanta shi safe da yamma ba.

Ga wanda ya riga ya gyara lamarinsa, kusan duk sassan nan a tsaye suke. Tarihin biya ba ya motsi sai an makara. Daɗewa kuwa sai dai a jira ta. Abin da ke rawa shi ne kashi talatin ɗin nan, musamman yawan abin da ka ci daga iyakar katinka. A ce direban tasi ne da katin da iyakarsa dala 2,000. Ranar 10 ga wata birki ya lalace, ya biya makanike dala 900 da katin. Bankinsa yana rufe lissafin wata ranar 14, kuma abin da ya tarar a katin ran nan shi yake aika wa kamfanonin uku. Sai takarda ta nuna ya ci kashi 45 na iyakarsa. Makin ya sauka, wataƙila da ashirin ko fiye. Ranar 20 ya biya dala 900 ɗin cif, kafin wa'adi, ba a ɗora masa ko sisin kuɗin ruwa ba. Amma lambar ba za ta san ya biya ba sai 14 ga wata mai zuwa, ranar da bankin zai sake aikawa. Daga nan sai ta koma inda take, domin a FICO 8, nau'in lissafin FICO da ya fi yaɗuwa, wannan sashen ba ya riƙe abin da ya wuce. Mutumin da ya duba sau talatin a tsakanin nan ya sha fargaba sau talatin. Wanda bai duba ba ko sau ɗaya, a wuri ɗaya suka ƙare da shi, dala bisa dala.

Masu ba da bashi sau ɗaya a wata suke kai rahoto, kowa da ranarsa, wasu ma ba ga duka kamfanonin uku suke kaiwa ba. To me mai dubawa kullum yake gani? Galibi labarin jiya ne aka sake nuna masa, ko kuma motsin da ya samo asali daga bambancin ranakun aikawa.

Sannan akwai abin da ke ba mutane mamaki in sun ji shi karon farko: lambar da ke cikin wayar ba lallai ba ne ita banki zai duba. Mutum ɗaya yana da maki barkatai. A 2006 kamfanonin uku suka haɗa kai suka ƙirƙiro nasu lissafin mai suna VantageScore don su yi gogayya da FICO, kuma manhajar Credit Karma, wadda miliyoyin mutane ke buɗewa kyauta, VantageScore 3.0 take nunawa daga bayanan TransUnion da Equifax. Masu ba da bashin gida kuwa sun daɗe suna aiki da tsofaffin nau'o'in FICO, na 2 da na 4 da na 5, su jawo uku su ɗauki na tsakiya. Masu bashin mota suna da nasu FICO ɗin da ke tashi daga 250 zuwa 900. Ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga banki da 770 a waya, ma'aikaciya ta juyo masa da kwamfuta ya ga 735. Babu wanda ya yi masa ƙarya, ma'aunin ne daban. Shekara biyu ke nan yana gadin lambar da ba ita za a tambaya ba.

Ko a ma'auni ɗaya, ba ɗaya-ɗaya ake sayen maki ba. Hawa-hawa ne. FICO da kansa yana kiran 670 zuwa 739 mai kyau, 740 zuwa 799 mai kyau ƙwarai, 800 zuwa sama na musamman, kuma matsakaicin makin Amurkawa a 'yan shekarun nan yana wajen 715. A jadawalin da Fannie Mae ke amfani da shi tun watan Mayun 2023 wajen sa wa bashin gida farashi, hawan ƙarshe daga 780 yake farawa. Mai 785 da mai 845 layi ɗaya suke. Maki sittin ɗin da ke tsakaninsu ba ya rage wa kowa ko dala ɗaya, sai dai a yi alfahari da shi a majalisa. Ni a ganina neman 850 wasa ne, kuma ba laifi mutum ya yi wasa in ya san wasa yake yi. Matsalar tana ga wanda ya ɗauka tsaro yake saye.

To, in hujja ta fito fili haka, me ya sa barin ke da wuya? Na farko, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutumin da aka taɓa mayar masa da takardar neman haya a gaban iyalinsa, ko kati ya ƙi wucewa a kanti ga layi a bayansa, ba lamba yake dubawa ba in ya buɗe waya. Tabbaci yake nema cewa ranar nan ba za ta dawo ba. Kuma tabbacin yana samuwa, na minti biyar. Daga nan shakka ta dawo, a sake buɗewa. Na biyu, masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, daga baya ma aka kimanta shi da kusan ninki biyu. Shlomo Benartzi da Richard Thaler suka ɗora a kai a 1995 game da masu zuba jari: yawan duba abin da ke hawa da sauka yana sa mutum ya yi ta cin karo da ƙananan asarori, har ya ji kamar yana cikin haɗari ko da abin gaba yake yi. Maki ya hau biyar yau, ya sauka biyar jibi, a lissafi ba a yi komai ba, amma a zuciya an ci bashi.

Na uku kuma, kuma wannan ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana, manhajojin kyauta ba don Allah suke aiki ba. Kuɗinsu yana fitowa ne daga la'adar da banki ke biya idan ka karɓi kati ko rance ta hanyarsu. Shi ya sa kamfanin manhajoji na Intuit ya zuba sama da dala biliyan 7 ya sayi Credit Karma a 2020. Duk saƙon da ya faɗo cewa makinka ya canza, gayyata ce ka shigo shago, kuma a ƙarƙashin lambar tallan sabon kati ne ke jira. A 2022 hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta sa Credit Karma biyan dala miliyan 3 saboda gaya wa mutane cewa an riga an amince musu da katunan da, bayan sun nema, aka hana da yawansu. Wanda ya nema aka hana shi, ya tashi da tabon binciken da bankin ya yi a takardarsa a banza.

Shi kansa duban ba ya rage maki. Mutum ya duba nasa sau dubu, lissafi bai san an yi ba. Binciken da mai ba da bashi ke yi idan ka nema ne kawai ke taɓawa, shi ma yawanci ƙasa da maki biyar, tasirinsa ya gushe bayan shekara guda. Ɓarnar tana cikin shawarwarin da mai gadin lamba ke yankewa. Akwai wanda kuɗin kammala bashin motarsa ke hannu, amma ya ƙi biya domin ya ji cewa rufe bashi yana saukar da maki kaɗan. Gaskiya ne yana iya saukarwa, na ɗan lokaci, sai dai shi yanzu kuɗin ruwa na gaske yake biya duk wata don ya kare lambar da ba ya shirin amfani da ita. Akwai wanda ke riƙe da katin da ake cire masa kuɗin shekara, ba ya sayen komai da shi, tsoron rufewa kawai, alhali asusun da aka rufe lafiya yana iya zama a takarda har shekara goma yana ba da shaida. Mafi muni ita ce tatsuniyar da ke yawo cewa sai ka bar ɗan bashi a kati, ba ka biya duka ba, maki zai hau. Ba haka ba ne. Banki yana kai rahoton cewa ka biya a kan lokaci, ko ka biya duka ko ka biya rabi. Abin da barin saura ke jawowa shi ne kuɗin ruwa, wanda matsakaicinsa a katunan Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekarun nan. Ga Musulmin da tun farko da ɗari-ɗari ya karɓi katin, bisa sharaɗin da ya ɗaura wa kansa cewa zai riƙa biya kafin riba ta hau, wannan asara biyu ce. Malamai sun saɓa a kan riƙe katin ma kansa, amma ban san mai cewa a biya riba da gangan don lamba ta yi kyau ba.

Mai gardama zai ce, to in na kawar da kai, wa zai gaya mini an yi kuskure ko an saci sunana? Tambayar tana da nauyi. Binciken da FTC ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga rahotanninsa, kuma kashi 5 cikin 100 kuskuren nasu ya kai ya sa a tsawwala musu farashin bashi. A 2017 ɓarayin intanet suka kutsa Equifax suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Mu kuma muna da namu ƙarin dalilin. Sunayenmu suna maimaituwa, ana rubuta suna ɗaya Muhammad a fasfo, Mohammed a lasisin tuƙi, Mahamadou a takardar aiki, ga 'yan gari ɗaya huɗu ko biyar sun taɓa zama a adireshi ɗaya. Irin wannan ne ke sa kwamfuta ta cusa bashin wani a takardar wani.

Sai dai maganin wannan yana cikin rahoto, ba cikin maki ba. Rahoton ne ke lissafa kowane asusu da sunan bankinsa da ranar buɗe shi da abin da ake bi. Maki zai iya sauka ya bar ka da zato, rahoto kuwa zai nuna maka katin da ba kai ka buɗe ba. Dokar 2003 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kowane kamfani ta shafin AnnualCreditReport.com, a lokacin korona aka mayar da shi kowane mako, a 2023 kamfanonin suka ce haka zai ɗore. Ba sai an bi mako-mako ba. Duk wata huɗu a jawo na kamfani ɗaya, a zauna a karanta shi layi-layi, shekara ta zagayo an ga duka ukun. In an ga kuskure a rubuta ƙorafi, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika.

Abin da ya fi wannan kwantar da hankali shi ne kulle rahoton. Tun watan Satumban 2018 kyauta ne a duk faɗin ƙasar. Ana yi a kowane kamfani daban, sau uku ke nan, kuma in an kulle, wanda ya je neman kati da sunanka bankin ba zai iya jawo takardarka ba, sai maganar ta mutu a nan. Kullewar ba ta taɓa maki, ba ta hana katunan da ke hannu aiki, kuma ranar da kai ne ke bukata, in ka nema ta intanet ko ta waya dole su buɗe cikin awa ɗaya. A haɗa da umarnin da ake ba banki ya riƙa cire kuɗin kati da kansa kafin wa'adi, da saƙon da ke shigowa duk lokacin da aka yi sayayya da katin. Abubuwan nan suna hana ɓarna aukuwa. Duba maki kuwa sai bayan ta auku yake ba da labari, shi ma a makare da makonni. Wanda ya shimfiɗa su zai iya kashe sanarwar manhajar, ko ya cire ta daga waya gaba ɗaya ya bar ta a kwamfuta, inda sai ya zauna da niyya zai buɗe. Makon farko hannu zai riƙa laluben inda take. Yana wucewa. In kuwa bai wuce ba, har abin yana hana barci ko yana jawo faɗa a gida, to damuwa ce ta samu wurin fakewa, kuma likita ya fi manhaja sanin maganinta.

Ni da za a tambaye ni inda ya kamata idon nan ya koma, sai in ce asusun ajiya. Makin bai san albashinka ba, bai san ko kana da dala goma a ajiye ba. Adashen da ka shekara biyar kana zubi ba fashi, da kuɗin da kake turawa gida duk wata, babu ɗaya da ke shiga lissafinsa. A binciken babban bankin Amurka na 2023, kashi 63 cikin 100 na manya ne suka ce za su iya biyan larurar dala 400 da kuɗin hannu. Mai maki 800 da ba shi da ajiya, birki ɗaya ne tsakaninsa da komawa gidan jiya, domin rashin ajiyar ne ya kayar da mutane da yawa tun farko.

A Najeriya abin bai kai nan ba tukuna, ko da yake ya kamo hanya. Akwai kamfanonin rahoton bashi uku masu lasisin Babban Banki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, akwai dokar 2017 da ta ba mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ga CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 don faɗaɗa bashin masarufi. Ciwon can akasin wannan ne. Mutum ya ci rancen naira dubu goma a manhaja ya manta, ba zai san sunansa ya shiga ba sai ranar da ya je banki neman jarin kasuwa. Shi wannan, ya duba ɗin ne shawara.

Ga na Amurka ma akwai lokacin da komawa gadi ya dace, wato wata uku zuwa shida kafin neman babban bashi, musamman na gida. Har kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin musharaka, wato mallakar haɗin gwiwa, irin Guidance Residential, suna duba takardar mutum. A nan ne ya kamata a jawo rahotanni ukun a lokaci ɗaya, a nemi ganin ainihin nau'in FICO ɗin da masu bashin gida ke amfani da shi, a riƙa biyan kati kafin ranar rufe lissafi don abin da za a aika ya zama kaɗan. Sababbin ma'aunai irin FICO 10T da VantageScore 4.0 suna waiwayar wata ashirin da huɗu, don haka dabarar wata guda ba ta ruɗarsu kamar yadda take yi wa tsofaffin. Kada tsoron bincike ya hana zagaya bankuna neman farashi mai sauƙi: binciken bashin gida ko na mota da aka yi a cikin kwana 14, a wasu nau'o'in har 45, ɗaya ake ƙirga shi. Sannan a riƙe hannu har a sa hannu a takardun ƙarshe, domin masu ba da bashin sukan sake jawo rahoto dab da ranar. An sha ganin wanda aka amince masa, murna ta ɗebe shi ya je ya ɗauko kujeru da firji bashi don sabon gida, bankin ya ga sabon asusu, aka dawo da lissafi baya.